Anti, ina jin Turanci amma da aka tambaye ni labarin kaina sai bakina ya mutu

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni nas ce a wani asibiti a nan cikin Kano, ina da aure da yara, na daɗe ina son tafiya Ingila aiki kuma maigidana ya amince har shi ya biya min kuɗin jarrabawar IELTS ta gwajin Turanci, wallahi ba daga yalwa ya cire ba, kaya ya karyar a shago ya haɗa min. Sakamako ya fito, sauraro 7.5, karatu 7, rubutu 6.5, magana 6, kuma 7 ake nema. A lesin ɗin da na shiga malamin ya ba mu takardu cike da amsoshi ya ce mu haddace, na haddace tsaf. Ranar jarrabawa wani dattijo na samu, ya tambaye ni garinmu na fara zubo hadda, ban kai rabi ba ya katse ni ya wuce wata tambayar, daga nan kaina ya kulle. Ya tambaye ni da wa nake zaune, ina son gidan da nake ciki, me nake yi idan na samu hutu, Anti gidan surukai nake zaune, ya za a yi in zauna ina faɗa wa baƙon namiji abin da ke cikin gidana? Sai eh da a'a kawai nake yi kaina a ƙasa. Yanzu maigida ya ce shi bai gane ba, kullum ina Turanci da likitoci a waya amma ranar da ya biya kuɗi na yi shiru. Na shiga wani gurup na WhatsApp da ake koyon magana, da ya ga maza na kira da daddare ya ce in fita. Ƙawata kuma ta ce akwai mai sayar da tambayoyin da za su fito. Anti in sake ne ko in haƙura? Ina jin kunyar in ƙara tambayarsa kuɗi.

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari, sannu da dawainiyar aiki da gida da karatu duk a wuyan mutum ɗaya. Ki ɗauko takardar sakamakon nan ki sake dubawa da idon wadda ba ta cikin ɓacin rai. Hukumar nas ta Ingila, NMC, 7 take nema a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu, kinga kenan uku cikin huɗu kin riga kin haye, har rubutun da yake kayar da mutane da yawa ke kin wuce shi. Macen da ta ci 7.5 a sauraro ba za a ce mata ba ta jin Turanci ba, don haka maganar haƙura ki ajiye ta gefe tukunna, abin da ya kama ki a ɗakin nan wani abu ne daban kuma yana da magani.

Ɓangaren magana gaba ɗayansa minti 11 zuwa 14 ne, kashi uku. Na farko shi ne wanda ya rikita ki, minti 4 zuwa 5, bayan mai jarrabawa ya duba fasfo ɗinki ya ji sunanki sai ya fara da aikinki ko karatu ko inda kike zaune, sannan ya tsallaka wasu ƙananan batutuwa irin su abinci, yanayi, maƙwabta, waya, barci, abubuwan yau da kullum dai. Na biyu ya miƙo miki kati ki yi shiri na minti 1 ki yi magana har zuwa minti 2, na uku kuma ku tattauna kan batun katin a faɗaɗe. To a kashin farkon nan mutumin ba daga kansa yake ƙirƙiro tambaya ba, rubutattu ne a gabansa, agogo na gefensa, na'ura tana naɗar muryarku, dole ya gama cikin lokaci. Katse ki da ya yi ba fushi ba ne ba kuma raini ba, ko wadda za ta ci 9, wato maki mafi girma, in ta zarce sai ya katse ta ya wuce. Na san yadda abin yake a wajenmu, babba ya katse ka a tsakiyar magana sai ka ɗauka ka yi laifi ka shiga taitayinka, ke kuma haka kika fassara shi kika naɗe tabarmar hirar tun a minti na biyu, alhali shi bawan Allah jira yake ki ci gaba da zuba.

Yanzu ki saurare ni da kyau a nan don shi ne gundarin matsalarki. Abu huɗu kawai yake ba wa maki kuma kowanne nauyinsa ɗaya: yadda maganar ke gudana tana haɗuwa da juna, yawan kalmomin da kike iya juyawa, nahawu, sai lafazi. Babu gurbin gaskiya ko ƙarya a takardarsa, babu gurbin kallon ido, babu na sutura, ba wanda zai biyo ki gida ya ƙirga ɗakuna. Da ya ce da wa kike zaune ba gulmar gidanki yake nema ba, wallahi kafin la'asar ya manta, so yake ya ji ko za ki iya haɗa jimla uku huɗu a kan abin da kika sani sarai. Mu kuma an tashe mu da kawaici, mace ba ta faɗin sunan miji, ba ta faɗin sunan ɗan fari, wata ko yawan 'ya'yanta ba ta son ƙirgawa a gaban baƙo, a tambaye ki ya gida ki ce lafiya lau ko da kuwa gidan na ci da wuta, a yabe ki ki sunkuyar da kai. Wannan tarbiyya ce mai kyau ban ce ki jefar da ita ba, kuma ba sai kin jefar ba, abin da za ki koya shi ne yadda za ki cika bakinki da magana ba tare da kin buɗe ko ƙofa ɗaya ta sirrinki ba.

Ke nas ce ai, kin fi ni sanin wannan. Mara lafiya ya zo ki ce me ke damunka ya ce jikina ne ba daɗi, ki ce tun yaushe ya ce an kwana biyu, ki ce ina ne ke ciwo ya ce ko'ina, kina riƙe da biro fayil a buɗe babu abin rubutawa, ba don ba shi da ciwon ba sai don bai ba ki abin kamawa ba. Haka dattijon nan ya zauna da ke, Turancin yana cikinki amma bai ji shi ba, shi kuma abin da kunnensa ya ji kawai zai saka wa maki.

Mu ɗauki tambayar gidan nan da ta tsaya miki a wuya. Me zai hana ki ce kina zaune a babban gida na iyali a cikin gari, abin da kike so da shi shi ne ba ka rasa wanda zai riƙe maka yara in aikin dare ya kama ka, abin da ya ɗan dame ki kuwa hayaniya, don in kin dawo da safe kina son barci lokacin ne yaran gida ke tashi wasa a tsakar gida. Shikenan fa. Kin ba da amsa, kin kawo dalili, kin ɗora ɗan misali, ba ki ambaci uwar miji ba, ba ki faɗi sunan kowa ba, babu abin da za ki ji kunya ko a gaban maigidan aka kunna. In ma wannan ɗin ya yi miki nauyi ki yi maganar gidan da kika taso a ciki, ko na yayarki, ba laifi ba ne a wannan jarrabawar. Tsayin da ake so a kashin farko kenan, jimla biyu zuwa huɗu, kar ki tsaya a eh, kar kuma ki kama lacca.

Tambayar gari ma haka. Na tabbata takardar malaminku cewa ta yi Kano babban birni ne mai tarihi cibiyar kasuwanci mutanenta masu karamci, irin maganar da za ka cire sunan Kano ka saka na kowane gari ta zauna daram, kuma mai jarrabawa ya ji irinta har ya gaji. Ke da kike hawa adaidaita sahu kullum kina ratsa garin nan ai kin fi takardar abin faɗa. Ki ce masa gab da sallah Kantin Kwari ba ya shiguwa, mutane daga Nijar da Chadi da Kamaru suna zuwa sarin atamfa da shadda, ɗan dako da dila a ka yana ihun a ba shi hanya. Ki ce masa da hunturu ƙura take rufe gari har daga nesa ba ka ganin Dala sosai, asibiti ya cika da masu tari da asma, wannan ma ai fagenki ne. Ki ba shi labarin marinar Ƙofar Mata, ko yadda kuke kai yara kallon Hawan Daushe, ko gurasa bandashe da kike tsayawa saya in kin taso aiki. Sunan abincinmu ki faɗe shi da Hausa sannan ki yi bayaninsa da Turanci, da me ake yi, yaya ɗanɗanonsa, yaushe ake ci, wannan bayanin shi kansa maki ne don yana nuna kina iya kewaya abu in ba ki da kalmarsa. Kuma abin da ka gani da idonka ba ya ɓace maka don an katse ka.

Malamin lesin ɗinku ba zan zage shi ba, mai yiwuwa da zuciya ɗaya ya yi, haka aka koyar da mu duka tun firamare, a haddace a zubar a takarda, kuma kila shi ya taimaka miki kika samu makin karatu da rubutu. Amma a magana hadda cutarwa take yi. Masu jarrabawar nan an horar da su gane ta, muryar mai hadda daban take, sauri ba numfashi ido a sama, ga manyan kalmomi a amsar farko sannan a tambaya ta gaba a koma eh da a'a, tazarar nan ita ke tona asiri. Ki ajiye takardun, in za ki amfana da su ki ɗauki tambayoyin kawai ki bar amsoshin. Ita kuwa ƙawarki mai maganar ekspo ki ce mata ta gode Allah ta bar ki, mafi yawan masu wannan tallan 'yan damfara ne, wanda ma bai gudu da kuɗinki ba abin da zai turo miki tsofaffin tambayoyi ne da ke zube kyauta a intanet, sannan in aka kama mutum da maguɗi soke sakamako ake yi har a hana shi sake zama na wani lokaci. Ke da kike neman lasisin riƙe rayukan mutane a ƙasar wasu kar ki fara da wannan tabon.

Sai maigida. Na ji zafin maganarsa a wasiƙarki, amma ki tsaya a inda yake tsaye ki duba, mutum ya karyar da kayan shagonsa a wannan yanayin da ake ciki don matarsa ta ci gaba, maza nawa ne za su yi? Bai san me ya faru a ɗakin ba, shi dai ya san kina Turanci ya kuma ga 6, dole ya ɗaure masa kai. Ina zargin ba ki taɓa zaunar da shi kin ba shi labarin yadda kika ba ni ba. Ki samu lokacin da ya ci ya ƙoshi yara sun kwanta ki faɗa masa ƙarara cewa tambayar gida aka yi miki kika ji nauyin buɗe baki gaban baƙon namiji, ban san mijinki ba amma da wuya Bahaushen da zai ji matarsa ta faɗi jarrabawa saboda kare sirrin gidansa ya ci gaba da faɗa. Maganar gurup kuwa gaskiya ina bayansa, kiran maza da daddare ba dole ba ne a wannan shirin, kuma irin gurup ɗin nan rabinsa surutu ne kowa na gyara wa kowa kuskure da wani kuskuren. Ki fita ba tare da jayayya ba, sai ki nemi wani abu a madadinsa: shi ya zama mai yi miki tambaya. Ko Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai iya karanto tambaya daga takarda ya riƙe agogo, kuma ki roƙe shi ya dinga katse ki da gangan a tsakiyar magana ya jefo wata, har jikinki ya saba ki daina jin faɗuwar gaba. Za ki yi dariya ranar farko, shi ma zai yi, ba komai. Amfanin biyu ne, kin saba amsa wa namiji ido da ido, shi kuma ya ga wahalar abin da idonsa, wanda ya ga wahalar kuwa ba sai an yi masa dogon bayani ba ranar da za a sake biyan kuɗi.

Kuɗin ma kar ki bar masa shi kaɗai a wannan karon. Kina da albashi, ki shiga adashi a wajen aiki ko ki dinga ware wani abu duk wata, ki zo masa da rabi ko fiye a hannu ki ce ga abin da na tara, kunyar da kike ji za ta ragu sosai.

Shirin kansa ba ya son wani dogon tsari, yana son kullum ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Minti goma sha biyar a rana ya fi awa uku ranar Lahadi. Ki buɗe rikoda ta wayarki ki amsa tambaya biyar, sannan ki saurara, na san ba daɗi jin muryar kai amma a nan za ki kama kanki, inda kike dogon shiru, inda kike maimaita kalma ɗaya, inda muryar ke shigewa ciki. Wannan na ƙarshen ki kula da shi musamman, sunkuyar da kai ba ya rage maki amma yana danne murya, in bai ji ki ba ba zai ba ki ba, in kallon idonsa ya yi miki nauyi ki kalli goshinsa ko gefen tabaransa. Ki nemi nas mace ɗaya ko biyu masu irin burinki, ba za a rasa ba a asibitinku, in dare ya raba marasa lafiya sun yi barci ku yi wa juna tambayoyi, ko ku ce duk hirar da za ku yi a lokacin cin abinci da Turanci ne. Turancin da kike yi da likitoci na aiki ne, allura da awon jini da miƙa aiki, wanda ya yi miki ƙaranci shi ne na hira, na me kika dafa jiya, me kike yi da kina yarinya, me za ki yi in kin samu hutu, kuma ki lura da waɗannan ukun don da gangan suke juya tambaya tsakanin da, da yanzu, da nan gaba su ji ko nahawunki zai juya tare da su.

Lafazi kuma kar wani ya sa ki murɗe harshe kina kwaikwayon Turawa, ba a rage maki don an ji Hausa a bakinki muddin ana gane ki ba wahala. Inda za ki sa ido shi ne wuraren da ke canza ma'ana, p da f da muke haɗawa, ke da za ki yi aiki da magani kin san pill daban fill daban, sai v da b, sai wasalin da muke cusawa tsakanin baƙaƙe biyu, da cinye ƙarshen kalma. Ki sa tafin hannu a gaban baki, p leɓe biyu ne ke haɗuwa iska ta fashe, f haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa iska na zirarowa. In ba ki ji tambaya ba ki ce ya maimaita, a kashin farko zai maimaita miki amma ba zai yi miki bayaninta ba, a kashi na uku ne yake iya sake fasalinta, kuma neman maimaici sau ɗaya ko biyu ya fi ki amsa abin da ba a tambaye ki ba.

Akwai wasu ƙofofin da ya kamata ki sani kafin ki sake biyan cikakken kuɗi. Ana iya neman a sake duba maki cikin sati 6 daga ranar jarrabawa, ana biya, in makin ya ƙaru a dawo miki da kuɗinki, amma ni ban ba ki wannan shawarar ba, ke da bakinki kin ce eh da a'a kika yi, wanda zai sake sauraron faifan abin da zai ji kenan, daga 6 zuwa 7 kuma tsalle ne babba. Akwai tsarin sake ɓangare ɗaya kawai ga wanda ya rubuta a kwamfuta, cikin kwana 60, wannan ya fi dacewa da irin halinki tunda sauran ukun sun yi, ki tambayi cibiyar da kika rubuta ko suna yi sannan ki shiga shafin NMC da kanki ki karanta sharuɗɗansu na yanzu kafin ki cire ko sisi, kar ki dogara da an ce. Sai dai kar kwana sittin ɗin ya tura ki ki shiga ba shiri, in kin ga lokacin ya ƙure gara ki bari ki sake duka a nutse. Sannan akwai OET, jarrabawar Turanci ce ta ma'aikatan lafiya zalla kuma NMC na karɓarta, B a magana da sauraro da karatu, C+ a rubutu. A can ɓangaren magana wasan kwaikwayo ne guda biyu, ke nas ɗayan kuma mara lafiya ko ɗan uwansa, 'yar hirar gabatarwa da ake yi a farko ba a saka mata maki. Ga mace irinki da bakinta ke buɗewa in ta sa farin kaya ya rufe in an tambaye ta gida, wannan abin dubawa ne sosai, illa dai yawanci ta fi tsada, za ki fara koyon tsarinta daga farko, kuma ki binciki inda cibiyar take don kuɗin mota da masauki su shiga lissafi.

In ni ce ke IELTS ɗin zan sake tunda na riga na san hanyarta kuma rauni ɗaya ne, in ba da kamar wata biyu ina yi kullum, ba zan biya ba sai na samu wanda ya san ma'aunin makin nan ya yi min gwaji cikakke na minti goma sha huɗu ya ce na kai. Ko ba jarrabawa ma wannan bakin sai kin buɗe shi, don a can tsofaffin da za ki yi jinya za su tambaye ki daga ina kike, 'ya'yanki nawa, kina kewar gida, kuma hirar nan rabin aikin ce.

Ki fara da maigidan a daren nan, labarin ɗakin jarrabawa kawai, kar ki ɗauko zancen kuɗi tukunna. In kun yi sati biyu yana yi miki tambayoyin ki sake rubuto min ki faɗa min wace tambaya ce har yanzu take tsaya miki, sai mu warware ta tare. Allah ya ba da sa'a, a gaida yara.